Wutsiyar jirgin alkafura mai rimot: tambayoyin da aka fi yi mini a Damagaram da amsoshinsu

Tun da na fara fita bayan gari da ɗan jirgina ranar Lahadi da sassafe, tambaya ba ta yanke mini ba. Yara kuɗinsa suke tambaya, dattawa kuma su ce ko yana ɗaukar hoto. Amma samarin da suka riga suka ƙera nasu, suka ga ya ƙi tafiya a miƙe, duk inda tambayarsu ta faro, a wutsiya take ƙarewa. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da abin da hannuna ya koya.

Malam, wai me ake nufi da wutsiya, kuma mene ne aikin kowane ɓangare?

Abu huɗu ne. Akwai allon kwance, wanda yake kamar ƙaramin fiffike a baya, ba ya motsi. A bayansa akwai ƙyauren kwance, wanda masu sana'ar ke kira elebeta, shi ke ɗaga hancin jirgi ko ya sunkuyar da shi. Sai allon tsaye, da ƙyauren tsaye a bayansa, mai karkata hanci dama ko hagu. Alluna su ke riƙe jirgi a kan hanya, kamar gashin da ake ɗaura wa kibiya. Ƙyamaren kuwa su ne linzami. Na kira su ƙyaure ne don a kan hinji suke lilo kamar na ɗaki, kuma duk ciwon da ke kama ƙyauren ɗaki yana kama su: sassauci, cijewa, karkacewa.

Me ya raba wutsiyar jirgin alkafura da ta jirgin koyo?

Jirgin koyo an gina shi ne ya gyara kansa in ka saki sandar rimot. Na alkafura kuwa ana so ya tsaya inda ka ajiye shi, ko a miƙe, ko a rigingine, ko a kan gefe. Shi ya sa ake sa fiffike da allon kwance a layi ɗaya da tsakiyar jiki, digiri sifili da sifili, kuma samansu da ƙasansu siffa ɗaya, don kada jirgin ya san bambancin ciki da baya. Ƙyamarensa kuma manya ne. A jirgin koyo ƙyauren kwance bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin wutsiyar ba, a na alkafura mai tsanani yana kai rabi, wani lokaci ya wuce.

Dubi hoton Extra 300 ko Edge 540 ko Yak 54, manyan jiragen da aka fi kwaikwaya, za ka ga girman ƙyauren tsayensu. A gasar duniya ta ajin F3A na jiragen alkafura masu rimot, wadda hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, ke shiryawa, jirgi ba ya wuce mita 2 a tsawo ko a faɗin fiffike, kuma jikinsa dogo ne da gangan, don wutsiya mai nisa daga fiffike ta fi natsuwa. Mu nan ba gasa muke ba, amma hikimar ɗaya ce.

Girman nawa zan yanka?

In kana bin zane, bi zane. In kai ke zana naka, allon kwance haɗe da ƙyaurensa ya kai kashi 22 zuwa 25 cikin ɗari na filin fiffike. Misali, fiffike mai tsawon santimita 100 da faɗin 22 filinsa 2200 ne, ka ga wutsiyar kwance za ta nemi 484 zuwa 550, wato kamar santimita 38 a 14. Ta tsaye kuma wajen rabin wannan ko fiye kaɗan. In jikin jirginka gajere ne, ƙara.

Ba a samun balsa a Damagaram. Da me zan ƙera?

Gaskiya ne, ka zaga kasuwar Dole kaf, ba za ka ji wanda ya san sunan ba. Balsa itace ne marar nauyi da akasarinsa daga Ekwado yake fitowa, sai dai ka yi odarsa ta intanet ko ka saƙa wa mai zuwa Kano ko Yamai, ka kuma yi addu'a ya iso bai karye ba. Ni na daina jiransa. Ga jirgi mai faɗin mita ɗaya, falan soso mai tauri na milimita 5 ko 6 ya wadatar: Depron in ka samu, ko EPP wanda ya fi jure faɗuwa, ko allon soso mai takarda a fuska biyu irin na masu buga talla. Farin soson kwalin firiji mai ƙwaya-ƙwaya bai dace da wutsiya ba, yana marmashewa a wurin hinji.

Soso shi kaɗai yana lanƙwasa, sai an ba shi ƙashi. Mafi kyau siririyar sandar kabon, a tsaga soson da reza daga wannan gefe zuwa wancan a cusa ta. In babu, tsinken gora irin na tsire yana aiki, amma ka mirgina shi a kan gilashi tukuna, cikin goma da ƙyar za ka sami uku miƙaƙƙu. Duk wanda ya yi motar kara yana yaro ya san ɓawon karan dawa na da ƙarfi, kuma na gwada shi a gefen ƙyaure ya yi, sai dai da damina yana shan laima ya murɗe.

Wane gam?

Nan ne garinmu yake da nasa hukunci. Gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga shi ne masu koyarwa a YouTube suka fi so, amma su ba su san watan Afrilu da Mayu na Damagaram ba, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa. A cikin mota rufaffiya wannan gam yana laushi. Wajen manna wutsiya da jiki, yi amfani da gam mai haɗi biyu irin Araldite, mai jinkirin kamawa, don ka sami lokacin gyara. Shafa shi siriri, nauyi gare shi. Gam mai kama nan take yana cinye Depron da farin soso, ka ɗiga a guntu ka gani kafin ka kusanci jirgi. Kuma da laimar iska yake daskarewa, shi ya sa da hunturu za ka ga yana nawa, ka huro masa numfashi kaɗan sai ya kama.

Na manna wutsiya, da ido ta yi daidai, amma jirgin yana fita daga zobe, wato zagayen da yake yi sama ya dawo, a karkace. Me ya faru?

Ido ya yaudare ka, kamar yadda ya yaudare ni. Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran, don haka bari in daɗe a kanta.

Jirgina na biyu na gama shi da dare, wuta ta ɗauke, na ƙarasa da fitilar waya a baki. Na manna allon kwance da gam ɗin kyandir, na kalle shi na ce ya yi. Washegari a miƙe yana tafiya lafiya, amma duk lokacin da na ja sanda don yin zobe, sai ya fito yana kallon wani wajen. Na yi mako uku ina zargin sarbo, ɗan injin da ke motsa ƙyaure, ina zargin iska, ina danna tirim, maɓallin rimot mai ɗan gyara tsayuwar ƙyaure. Ranar da na ɗora shi a kan tebur na ja baya taku biyar na tsuguna, sai ga gefen hagu na allon ya fi na dama sauka da kusan milimita 4. Ba tirim ɗin da zai gyara wannan, domin karkatar tana ƙaruwa ne daidai yadda ka ja sanda. Sai da na sa reza na yanke shi.

Ga yadda nake yi yanzu, kuma ba na buɗe gam sai awo uku sun yarda da juna. Da farko ɗaura fiffike a jiki, domin da shi ake gwada komai. Zura allon kwance a gurbinsa ba gam, ka auna daga jiki zuwa kowane ƙarshe, su zo ɗaya. Na biyu, soka allura a tsakiyar jiki can gaba kusa da hanci, ka ɗaura mata zaren da ba ya miƙewa, ka ja shi zuwa kusurwar baya ta ƙarshen dama, ka sa alama da biro, sannan ka kai shi ta hagu. In alamar ba ta faɗa wuri ɗaya ba, juya allon kaɗan ka sake. Zaren ɗinki na roba ba ya yi, yana ba ka amsar da kake so. Na uku, ka koma bayan jirgi nesa kaɗan, ka runtse ido ɗaya, ka daidaita kanka har allon ya kusa haɗuwa da fiffike a ganinka. Tazarar da ke tsakaninsu ta zama ɗaya dama da hagu. In gefe ɗaya ya sauka, goge gurbin da samfefa a ɗaya gefen, kaɗan-kaɗan, kada ka danne shi da ƙarfi ka ce gam zai riƙe.

In duk sun daidaita, zana layi da biro a inda allo ya haɗu da jiki, sama da ƙasa, ka zare, ka shafa gam, ka mayar kan layin, ka sake awon uku tun gam bai kama ba. Allon tsaye kuma da sikwayar kafinta ake tsayar da shi, digiri 90 a kan na kwance, kuma ka leƙa ta sama ka tabbata yana kan layin tsakiya. Riƙe shi da salatif har safe. Kada ka bar shi kusa da taga inda rana za ta same shi.

Wane irin hinji, kuma me ya sa ake fere bakin ƙyaure?

Ana fere shi ne don ya sami wurin juyawa. In kana son ƙyaure ya kai digiri 45, sai ka fere bakinsa digiri 45. A jirgin soso hinjin salatif ya isa: ka fere gefe ɗaya, ka manna salatif mai zare a sama, ka naɗe ƙyauren gaba ɗaya ka manna wani a cikin kwarin. Goge ƙura da tsumma tukuna, don salatif ba ya kama soson da ya sha hunturu. A jirgin katako ana sa hinjin leda da ake tsaga wa gurbi a ɗiga gam mai ruwa-ruwa, ko mai ƙusa a tsakiya. Mai ƙusa ka shafa masa ɗan man Vaseline a gaɓa kafin gam, in ba haka ba ka wayi gari da ƙyaure a kafe. Hinji uku a kowane ɓarin ƙyaure, duk a layi ɗaya.

Ramin da ke tsakanin allo da ƙyaure kada ya wuce kaurin katin waya. Iska na bi ta nan ta rage wa ƙyaure ƙarfi, kuma in ramin dama ya fi na hagu, jirgi zai riƙa mirginawa in ka ja. Rufe shi da salatif. Bayan haka kama kowane ƙyaure ka ja shi baya da ɗan ƙarfi, gara ya fita a hannunka.

Ƙyauren kwance nawa ɓari biyu ne. Yaya zan haɗa su?

Da ƙarfe mai siffar U, ko sandar kabon, ko sarbo biyu. Ko wanne ka zaɓa, ka ɗora ɓarin biyu a kan gilashi lokacin mannawa. Don gwaji, manna tsinke dogo a kan kowane ɓari, bakinsu ya kusa haɗuwa a bayan jirgi, ka motsa sanda. In wani tsinke ya riga wani, da sauran aiki.

Ina ake kafa ƙaho, kuma wane rami zan sa sandar turi?

Ƙaho shi ne ɗan ƙulli mai ramuka da ake kafawa a jikin ƙyaure, sandar turi kuma ita ce ke haɗa shi da hannun sarbo. Ramukan ƙaho su faɗa daidai kan layin hinji. In sun yi baya ko gaba, ƙyaure zai fi tafiya gefe ɗaya, kuma jirgin alkafura na bukatar sama da ƙasa su zo daidai. A soso ka sa wa ƙaho ɗan faranti na roba a ɗaya fuskar, tsohon katin SIM babba yana yi.

Kunna rimot, mayar da duk tirim sifili, bari sarbo ya tsaya a tsakiyarsa, sannan ka sa hannunsa ya yi kusurwar digiri 90 da sandar turi. In bai zauna ba, juya hannun ta ɗaya ɓarin ka gwada kafin ka taɓa saitin rimot. Ramin ciki a hannun sarbo da ramin waje a ƙaho suna ba da ƙarfi da laushin sarrafawa, amma tafiya kaɗan. Akasin haka tafiya da yawa, ƙarfi kaɗan. Fara da na farkon. Siririn ƙarfen wilin keke yana yin sandar turi mai kyau in gajera ce, har da zaren kusa a bakinsa, kuma kowane mai gyaran keke a Zango ko Sabon Gari yana da tarinsu. In ta wuce santimita 20 sai ka yi mata madogara a tsakiya, domin wajen turi take lanƙwasa, ba wajen ja ba. Sarbo kuma, ko ƙaramin mai giram 9 ne, nemi mai haƙoran ƙarfe irin MG90S don wutsiya.

Mene ne amfanin igiya biyu a ƙyauren tsaye?

A maimakon sandar turi, igiya biyu ke jan ƙyauren daga sarbo, ɗaya dama ɗaya hagu. Wannan dabara tana barin sarbo ya zauna gaba kusa da fiffike, nauyi ya bar wutsiya. Sharaɗinta, tazarar ramuka biyu na ƙahon ƙyaure ta zo daidai da ta hannun sarbo. Zaren fatsa na roba yana miƙewa da zafi, nemi siririyar waya mai saƙa ko zaren da ba ya ja. Kuma ba tsirkiyar goge ba ce da za ka ɗame ta har ta yi kuka, a cire sassauci kawai.

Ɗan giram goma a wutsiya har wani abu ne?

Lissafa ka gani. In daga cibiyar nauyi, wato inda jirgi ke tsayawa daidai in ka ɗora shi a kan yatsu, zuwa wutsiya santimita 60 ne, zuwa hanci kuma 20, kowane giram 10 a baya sai an biya shi da 30 a gaba. Giram 40 ke nan a jirgin da duka-duka bai wuce 600 ba. Shi ya sa ba na yi wa wutsiya fenti, ba na lafta mata gam. Kafin ka sa darma a hanci, tura batir gaba.

Cibiyar nauyi a tashin farko ta kasance wajen kashi 25 zuwa 28 cikin ɗari na faɗin fiffike daga bakin gaba. Daga baya ka gwada a sama: hau da kusurwar digiri 45, juya rigingine, saki sanda. In hanci ya sauko a hankali, ya yi. In ya faɗo da sauri, gaba ta yi nauyi. In ya ci gaba da hawa yana ƙara ɗagawa, baya ta yi nauyi, sauko da shi maza. Mai nauyin gaba yana tashi ba daɗi, mai nauyin baya kuwa sau da yawa a buhu ake kwaso shi.

Digiri nawa zan ba ƙyamaren?

Mataki biyu a makunni ɗaya na rimot. Na ƙasa: ƙyauren kwance digiri 10 zuwa 12 kowane gefe, na tsaye 25 zuwa 30. Na sama, don wasan tsayawa a iska, 40 zuwa 45. Ba sai kana da ma'aunin kusurwa ba. Ƙyaure mai faɗin santimita 5, in bakinsa na baya ya tashi santimita 1, digiri 12 ke nan, in ya tashi 3.5, digiri 45. Sa ekisfo, saitin rimot mai rage tafiyar ƙyaure in sanda na kusa da tsakiya, kashi 25 zuwa 30 a matakin ƙasa, 50 ko fiye a na sama, don tsakiyar sanda ta yi laushi. Hattara da alama: a rimot ɗin Futaba lambar ragi ce ke kawo laushi, a Spektrum lambar ƙari. Kada ka yarda da lamba, motsa sanda kaɗan ka kalli ƙyaure.

Yaya zan tabbata ba a juye suke ba?

Tsaya a bayan jirgi. Ja sanda zuwa cikinka, ƙyauren kwance ya ɗaga sama. Tura sandar ƙyauren tsaye dama, bakinsa ya tafi dama. Kowane tashi, ba ranar farko kaɗai ba.

Na ji wata ƙara kamar ta zanzaro lokacin da jirgi ke gangarowa da gudu.

Rage wutar injin nan take ka sauka. Karkarwar ƙyaure ce, kuma tana iya fizge wutsiya cikin daƙiƙa biyu. Sassauci ke kawo ta: ramin ƙaho da ya buɗe, haƙorin sarbo da ya ci, sandar turi mai lanƙwasa, hinjin da ya saki. Kunna jirgi ka kama bakin ƙyaure ka girgiza, in ya motsa sarbo bai motsa ba, bi layin har ka gano inda wasan yake. Ƙurarmu tana shiga ramin ƙaho ta riƙa cinsa kamar samfefa, don haka abin da ya matse a Nuwamba yana iya yin lako-lako kafin Maris. Manyan ƙyamare kuma ba na gudu ba ne, in za ka gangaro ka sauke wuta.

In na kwantar da shi a kan gefe na taka ƙyauren tsaye, sai ya riƙa jan ciki. Na yi kuskuren gini ne?

Ba lallai ba. Kusan kowane jirgi yana da wannan hali kaɗan, wani ya ja wajen ciki, wani wajen baya, wani ya nemi mirginawa. Gyara cibiyar nauyi tukuna, don matsar da ita yana canja halin. Sannan ka gwada gefen dama da na hagu. In duka biyun wajen ciki yake ja, sai ka yi gauraye a rimot, ƙyauren tsaye ya riƙa jan na kwance sama da kashi 3 zuwa 5, ka ƙara a hankali. Amma in a dama yana jan ciki, a hagu yana jan baya, ajiye rimot ka ɗauko zare da sikwaya, wani abu ya karkace.

Jiya ya tashi daidai, yau sai da na sake tirim. Aljanu ne?

Rana ce. Soso da roba da kabon da ƙarfe ba sa buɗewa daidai da juna in sun ji zafi. Doguwar sandar turi ta roba ita ta fi wannan hali. Allon da rana ta gasa ta fuska ɗaya yana bankarewa, musamman in ka manna masa baƙin salatif don ado. Ajiye jirgi a inuwa, ka rufa masa farin zane, a gida kuma ka rataye shi, kada ka jingina shi da bango a kan wutsiyarsa. Iskar rana tsaka kuma ta fi ta asuba sirantaka, ga garin yana sama da mita 400 daga teku, sai ka ji linzami ya yi sanyi.

Kullum wajen sauka nake karya wutsiya. Ina ya kamata in riƙa tashi?

Gonar da aka girbe tana da kyau daga nesa, amma tushiyar karan gero tana tsaye kamar wuƙa, kuma daidai tsayin allon kwance take. Nemi fako mai tauri, ka taka shi da ƙafa ka tsince duwatsu kafin ka tashi. A yashi ƙaramar tayar baya nutsewa take, ta fizgi ƙyauren tsaye, ta kashe sarbo. Cire ta ka sa ɗan lanƙwasasshen ƙarfe a jikin jirgi, ba a jikin ƙyaure ba, mai tsawon da zai ɗaga wutsiya santimita 3 ko 4 daga ƙasa. Ƙasan bakin allon kuma ka bi shi da salatif mai zare.

Ka yi nesa da filin jirgin sama da barikin soja da duk wani ginin hukuma, nesa sosai. A halin tsaron da ake ciki, wanda ya hango abu yana shawagi ba zai tsaya tambayar ko na wasa ba ne. Dokar sararin sama a hannun ANAC take, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijar, ka nemi sanin abin da ta tanada, ka kuma gai da mai gari da mai gonar, ka nuna musu jirgin a hannu kafin su gan shi a sama. Ni bayan sallar asuba nake fita, kafin ƙarfe tara iska ta tashi na riga na naɗe kayana. Ka tafi da yaro ɗaya babba da zai tsare maka sauran, domin da jirgi ya taɓa ƙasa za su ruga, kuma wanda ya riga isa ta wutsiya yake ɗaukarsa.